Za mu koma Yamai daga Sakkwato: a wane aji za a sa yarana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni Basakkwata ce, maigidana Ba'adare ne ɗan Tawa, amma a Sakkwato muka yi aure muka haifi yara uku. Yanzu harkar kasuwarsa ta koma Yamai, ya ce mu tattara mu bi shi. Babbar shekararta 9, tana aji huɗu na firamare, mai bi mata shekara 7 yana aji biyu, ƙaramin yana goye. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina tsoron a sake rufe iyaka in kasa zuwa ganin mahaifiyata, ina kuma tsoron yadda za a karɓe mu tunda gwamnatocin biyu ba sa ga-maciji. Dangin maigida sun ce in kwantar da hankalina game da karatu, wai an kori Faransanci, Hausa ce harshen ƙasa, yara za su ɗora daga ajin da suka tsaya. Wani ma ya ce zai samo musu sababbin takardun haihuwa na Nijar. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sa tashin ya zama alheri. Tsoronki na iyaka yana da dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO, wato ECOWAS, ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a Nijar, ba a buɗe iyakar ba sai watan Maris na 2024. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, tana tare da Mali da Burkina Faso a ƙawancen ƙasashen Sahel na AES. Yau ana shiga ana fita, amma babu mai gaskiyar da zai rantse miki cewa gobe ma haka ne. Ki riƙe fasfo mai rai da katin rigakafi, naki da na yara, ku bi hanyar Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso da rana. Cikin Yamai ana kasuwa ana makaranta. Rashin tsaron ya fi ƙarfi a yankin Tilaberi da ya kewaye birnin, inda ɗaruruwan makarantu suka rufe, da arewacin Tawa wajen Tiliya. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada ki tura muryoyin siyasa da ke yawo a WhatsApp. A Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, kuma baƙuwa ba ta da abin da za ta ci a wannan gardama.

Zaman unguwa kuwa ba zai ba ki wuya ba. Hausarki ta Sakkwato da ta Adar kusan ɗaya ce, rigimar manya ba ta hana maƙwabta miƙa wa juna kwanon abinci ba. Ki koyi gaisuwar Zabarmanci, ki je suna, ki je ta'aziyya. Shi ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubuta amsar nan da kaina shi ne maganar dangin mijinki. Ina jin ta kullum a bakin iyayen da suka dawo daga Kano, Sakkwato, Legas, kuma na gaji da ganin yaran da take kassarawa. Gaskiya ne kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Shi wannan kundin ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma masu yaɗa labari ba sa kaiwa wannan layin. Sojojin Faransa sun tafi a Disambar 2023, an rufe ofishin jakadancinsu, duk an yi. Littafin da ke cikin jakar ɗan CE2, wato aji huɗu na firamare, fa? Da Faransanci yake. Lissafin da za a ba shi, labari ne da Faransanci wanda sai ya gane shi kafin ya san tarawa ake so ko ɗebewa. Jarabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare da ta Bak ta ƙarshen babbar sakandare, da Faransanci ake rubuta su. Akwai makarantun da ke fara koyarwa da harshen gida, tun 1973 aka soma gwajinsu a Damagaram, kuma ni mai goyon bayansu ne da zuciya ɗaya. Sai dai su ma suna miƙa yaro ga Faransanci yayin da yake hawa, kuma a Yamai harshen gidan yana iya zama Zabarmanci. Canza harshen makaranta aikin shekaru ne, sai an rubuta littattafai, an horar da malamai, an sake tsarin jarabawa. Sanarwar rediyo ba ta yin wannan aiki a dare ɗaya.

Bari in nuna miki abin da nake gani idan na shiga aji. Yarinya ce mai tsabta a benci na uku, an sa ta CE2 don shekarunta sun kai. Malam ya ce a ɗago allo, sai ta saci kallon ta kusa da ita, ta ga an ɗago, ita ma ta ɗago. Ki buɗe littafinta, rubutu kamar na ɗab'i, domin ta iya kwafar abin da ke kan babban allo harafi bayan harafi. Ki nuna mata layi ɗaya ta karanta, sai idanu su cika da hawaye. A shifta sifili take samu. Bayan wata biyu ciwon ciki yana kama ta kowace safiya, uwa ta yi ta zaryar likita, wasu har su ce jifa ne ko iska, a tafi wajen mai magani a zubar da kuɗi. Ba jifa ba ne. An zaunar da yarinya mai ƙwaƙwalwa inda ba ta jin abin da ake faɗa, daga safe har rana, wata da watanni. A CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, ake koyar da karatu. Daga CE1, wato aji uku, malam ya ɗauka an iya, kuma mai ɗalibai saba'in ko fiye a gabansa ba zai tsaya ya koma baya don mutum ɗaya ba. Ta maimaita aji, ta sake maimaitawa, ta kai shekara 13 tana firamare ana ce mata daƙiƙiya, sai ki ji dangi sun fara cewa boko bai karɓe ta ba, gara a yi mata aure. Waɗanda suka ce miki ki kwantar da hankali, su ne za su fara faɗar haka.

Masu wasu makarantun kuɗi suna da hannu a wannan ɓarna. Uba ya zo ya ce ɗiyata ajin kaza nake so, mai makaranta ya dubi kuɗin rajista, ya ce to. Ba gwaji, ba tambaya. Wasu sun rubuta a ƙofa cewa da harshe biyu suke koyarwa, ki shiga ki tarar Ingilishin waƙa ce ta safiya. Ki tambaye su takardar izinin gwamnati, ki tambaye su wace jarabawa ɗalibansu ke zaunawa a ƙarshe. Wanda ya fara kame-kame, ki fita. Wanda ya ce sai ya gwada yaranki kafin ya faɗi aji, shi ne mai tsoron Allah.

Ga abin da zan yi da a ce jikokina ne. Ana buɗe makaranta a Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni, saboda haka ku iso a Yuli, kada ku zo tsakiyar shekara. Ku ɗauki malamin firamare na gaske, wanda ya taɓa riƙe CI, ya riƙa zuwa gida kullum tsawon hutun. Yaranki sun riga sun san haruffa da riƙon alƙalami, sautin ne zai canza musu, kuma wanda ya iya karatu da harshe ɗaya yana saurin kama na biyu. Namijin ya shiga CI ko CP ba tare da wata kunya ba. Babbar a gwada ta a Satumba, in CE1 ta samu ki gode Allah, in CP ce ki karɓa. Za ta yi kukan zama da ƙanana na ƴan makonni, amma za ta riƙa zuwa ta ɗaya, kuma Ingilishinta zai yi mata rana a kwaleji, wato ƙaramar sakandare. Idan kuna son Larabci, akwai makarantun Faransanci da Larabci na gwamnati, tsari ne da ya faro a garin Sayi tun 1957, sai dai ki sani harshe biyu ne sababbi a kan yaro lokaci guda.

Mai sababbin takardun haihuwa kuwa, kada ki ba shi ko dala. Ɗan da ubansa ɗan Nijar ne, ɗan Nijar ne ko a ina aka haife shi, kuma tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ku ɗauki takardun haihuwarsu na gaskiya da na uban, ku fara da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano kafin ku taso. Za a ce ku dawo gobe, za a ce mai sa hannu ya fita, abin yana ba ni haushi ni ma, amma ku jure. Takardar jabu tana ba yaro ranar haihuwa biyu da garin haihuwa biyu, kuma asirin yakan tonu ne ranar haɗa takardun BEPC ko neman fasfo, lokacin da dillalin ya daɗe da ɓacewa.

Gida kuma ku nema bayan kun zaɓi makaranta, yadda yara za su iya zuwa da ƙafa. Ku duba shi cikin Agusta ruwa na sauka, musamman in wajen Harobanda ko Saga ne kusa da kogi. Ambaliyar 2024 ta sa sai 28 ga Oktoba aka koma aji. Ki shiga makarantar da ƙafarki ki ga ɗakin da za a zaunar da ɗanki. In rumfar zana ce, ki tuna gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Afrilun 2021 da ta ci yara kusan 20, ki duba ƙofa nawa gare ta. Wannan amsar ki karanta wa maigidanki ita a gaban ƴan'uwansa, domin shi ne zai tsaya gaban daraktan makaranta ranar rajista, kuma shi za a zuga ya nemi babban aji.