Ɗakin Inna ya tsage bayan ruwa: mu koma gidan ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Gidanmu na ƙasa ne, a unguwar Garin Malam nan Damagaram. Ruwan da aka kwana ana yi ya kwanta a tsakar gida har gwiwa, katangar da ke tsakaninmu da maƙwabci ta zube, ɗakin mahaifiyarmu kuma ya tsage daga saman ƙofa zuwa kusurwa. Yanzu a makaranta muke zaune, an ce mu tashi yara za su koma karatu. Inna ta ce ɗakin ya girme mu duka, bai taɓa faɗuwa ba. Wani magini ya ce a cike tsagar da siminti a shiga. Ina mafita? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri. A gaida Inna da jaje, amma a lallashe ta, kada ta kwana a ɗakin nan tukuna.

Tsufan gini ba shaidar lafiyarsa ba ne. Masallacin unguwar Birni da ke nan Damagaram tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye, amma a farkon Satumban 2024 ruwa ya kai shi ƙasa. A damanar shekarar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda masu zaune a azuzuwa irinku. Kuma ginin ƙasa yakan faɗi ne ko da ruwa ya ɗauke, rana ta fito, mutane sun saki jiki, domin laka tana ci gaba da tsotsar danshi daga ƙasa zuwa sama kwana da kwanaki.

Tsagar da ta tayar muku da hankali sai daga baya za mu zo kanta. Fara da gindin bango, daga waje, da rana, ba tare da yara ba, bayan an kashe wuta daga mita. Za ka ga layi inda kalar ƙasa ta sauya, nan ne iyakar danshi. Ɗauki ƙusa babba ko wuƙa ka soka a ƙasan layin. Idan ta tsaya a baki-baki, da sauƙi. Idan ta nutse tsawon yatsa ba ka sa ƙarfi ba, bangon yana tsaye ne a kan taɓo, komai kyan samansa. Duba kuma ko ruwa ya zaizaye gindin ya yi masa rami. A wurina, in zaizayar ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin bango, ba na barin kowa ya kwana a bayansa.

Garin nan a kan dutse yake. Wanda ya san duwatsun da ke kewaye da Birni ya san ruwa ba ya samun wurin nutsewa da sauri, sai ya gangara ya taru a kwari da tsofaffin kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda yawancinsu an cike an yi gidaje a kai. Ka tambayi dattawan layinku abin da ke filin kafin a yi gini. In cikon kududdufi ne, ƙasar kan zauna bayan ta sha ruwa, bangon ya bi ta.

Wannan ya kawo mu ga tsagar. Irin wadda ke fita a yaɓe kamar gashi, ba ta shiga ciki ba, bushewa ce kawai. Taku kuwa ta tashi daga saman ƙofa ta karkata zuwa kusurwa, kuma irin wannan sau da yawa tana nufin wani gefen ginin ya sauka. Shiga ka ga ko ta ɓulla ta ciki, ko ƙofar ta fara cijewa wajen rufewa, ko bango biyu sun fara rabuwa a kusurwa. Ɗaura dutse a zare ka rataya daga saman bangon, zai nuna maka in ya jingina. Sai ka sa alama da gawayi a ƙarshen tsagar, ka manna ɗan siririn yaɓe a kanta a wuri biyu ko uku, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu. In yaɓen ya fashe ko tsagar ta wuce alamar, ginin yana motsi, a fitar da kaya kawai.

Rufin soro shi ne mai kisa. Muna da al'adar ƙara ƙasa a kan rufi duk shekara ba tare da kankare tsohuwar ba, sai nauyi ya yi ta hawa kan tsohuwar azarar da kakanni suka jera, ga shi kuma ƙasar ta jiƙe ta ƙara nauyi. Duba kawunan azara inda suka shiga bango, nan gara da ruɓa ke farawa, ba a tsakiya ba. Rufin da ya yi ciki, ko yake zubo da ƙasa kaɗan-kaɗan, a tokare shi da gwafa a kan katako mai faɗi kafin kowa ya hau. A kuma buɗe indararo, a tabbata yana jefa ruwa nesa da gindin bango.

Shawarar siminti ban yarda da ita ba. Siminti da laka ba sa kama juna, kuma in aka lulluɓe jiƙaƙƙen bango da shi, danshin ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta ruɓe a ɓoye, fuskar tana sheƙi. Ƙwanƙwasa irin wannan bango za ka ji yana amsawa kamar ganga. Bangon ƙasa da ƙasa ake gyara shi, bayan ya bushe: a sare wurin da ya lalace kaɗan-kaɗan, a saƙa sabon tubali, a yi yaɓe da laka mai ciyawa, a sa makuba in an samu. Siminti da dutse wurinsu harsashi ne da dakalin da zai kare gindin bango. Nemi tsohon maginin ƙasa, ba wanda ya saba da bulo kaɗai ba.

Kada ku manta da masai. Ramin da ya cika da ruwa yana iya ruftawa da mutum, a toshe hanyarsa har a duba murfin. In akwai rijiya a gidan, ruwanta ba na sha ba ne sai an yashe ta an sa magani.

Katangar da ta zube kuma ba matsalarku ku kaɗai ba ce. A tsofaffin unguwanni bango ɗaya gida biyu yake riƙewa, indararon wani a gindin ɗakin wani yake zuba, in ka ɗaga daɓenka ruwan gidan maƙwabci zai koma. Don haka ku je wurin mai unguwa ku nemi a haɗa magina biyu ko uku da ma'aikacin gine-gine na magajin gari a bi layin gida-gida. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010 haka injiniyoyi suka yi, suna sa fenti a jikin gini: kore a shiga, rawaya sai an gyara, ja kada a kusanta. Ko da alli aka yi, a kuma rubuta a littafi, ya isa. Wannan rubutu shi zai nuna wa hukuma da masu agaji wa ke buƙatar tanti yau, wa ke buƙatar azara da kwano, maimakon a raba kaya da ka.

In dole ku bar makarantar kafin a zo dubawa, ku zauna a ɗakin da gindinsa ya bushe, ba tsaga, rufinsa bai lotsa ba, ko ku kafa rumfa a tsakar gida, nesa da kowane bango da aƙalla tsawon bangon. A ɗauko wa Inna gadonta da kwallayenta a jera mata a can, hankalinta zai fi kwanciya. Gyaran ɗakinta na gaske sai iskar hunturu ta busar da bangon, wajen Nuwamba ko Disamba.