Amsa ga mai tambaya kan koya wa yara aikin hannu a zamanin waya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko akwai sauran amfani a wahalar da yara da koyon ɗinki, girki, lissafin ka da gane hanya, tunda yanzu komai na cikin waya. Ni gyaran kwamfuta ce sana'ata, da ita nake riƙe iyalina, kuma ina ce miki ki koya musu, kada ki yi sanyi.

Na'ura abin da aka danna mata take amsawa, ba ruwanta da abin da kake nufi. Akwai yaron da nake koya wa aiki, mai hazaƙa ne sosai. Rannan yana haɗa wa wani bawan Allah lissafin kayan gyara, ya ƙara sifili ɗaya bai ankara ba, ya juya fuskar kalkuleta ya nuna wa mutumin, ko gezau bai yi ba. Wanda ya saba lissafi da ka, tun kafin ya gama karanta lambar zuciyarsa za ta ce masa anya kuwa. Sabo ne kawai ke kawo wannan. Haka taswirar waya: wanda bai san gabas da yamma ba, duk inda muryar ta ce ya karya kwana zai karya.

Sannan na'urar ma tana tsayawa. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa na manhaja mai matsala daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, har wasu filayen jiragen sama suka koma rubuta wa fasinjoji takardar shiga jirgi da biro. Ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal na sa'o'i masu yawa, katin banki ya ƙi aiki a shaguna da dama, mutane suka yi ta neman rediyo mai batir da kyandir. Makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis ma tun 2015 ta dawo da koyar da gane hanya da taurari, saboda fargabar a yi wa GPS, wato tsarin gane hanya ta tauraron ɗan adam, kutse.

Amma fa ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Ba sai yaro ya iya kunna wuta da ƙyastu ba, kuma ɗaura maɓalli ko gyaran famfo yana iya jira ya kalla a YouTube. Abin da ba ya jira shi nake roƙonki ki fara da shi. In numfashin mutum ya tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa. Babu lokacin buɗe waya, ga hannu na rawa. Dole tun tuni hannun ya san danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. Ya san in abu ya maƙale wa ƙaninsa a maƙogwaro, a sunkuyar da shi a buga bayansa tsakanin kafaɗu. Ya san ƙuna ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba man shafawa ba. Ya iya iyo. Ya haddace lambarki da ta mahaifinsa, domin yaron da ya ɓata kuma wayarsa ta mutu, lambar da ke kansa ce kaɗai za ta dawo miki da shi.

Kuma idan kin ba shi allura da zare, ki daure kada ki karɓe don ɗinkin ya karkace. Ki bar shi ya warware ya sake. Allah Ya raya mana su.