Barci ko motsa jiki lokacin jarrabawa: wanne zan rage?

Ƙanwata, kin ce jarrabawa ta matso a Jami'ar Jos, kina karatu har ƙarfe uku na dare, kina kuma son ci gaba da gudun safe, amma jiki ya fara gazawa.

Barci dai kar ki taɓa shi. A cikinsa ƙwaƙwalwa ke adana abin da kika karanta da rana, kuma baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Na taɓa kwana uku a jere ina karatu a aji a harabar jami'ar da ke Naraguta, da bargona da filas ɗin shayi. Ranar jarrabawa na zuba wa tambayar da na sani sarai ido, amsa ta ƙi zuwa.

Motsa jikin za ki sassauta, ba dainawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri bayan Asuba ta wadatar, ko ki sauka daga keke napep kafin gida ki taka ragowar. Da sanyin Jos, sa suwaita, ki fara a hankali.

Ki guji kofi da lemon ƙara kuzari bayan La'asar, da gudu mai tsanani dab da kwanciya.

Idan mako biyu sun wuce barci bai daidaita ba, ko kina jin jiri da bugun zuciya, je ki ga likita a asibitin makaranta ko JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Don Allah kar ki sayi maganin barci a kemis da kanki.