Ga mai son zuwa Gashaka da mota daga Legas: kwana bakwai ba za su kai ka kan Chappal Waddi ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ku huɗu ne, kuna da hutun mako guda a ƙarshen Disamba, kuna so ku ɗauki mota daga Agege ku tafi gandun dajin Gashaka-Gumti, ku riƙa fita yawon duwatsu da safe kuna dawowa masauki da yamma, in hali ya yi ma ku hau Chappal Waddi. Kana tambaya ko kwanakin za su isa, da kuma abin da ya kamata ku riƙa.

Ni dillalin doya ne a kasuwar Mile 12, kuma hanyar nan har Zaki Biam na bi ta ba adadi. Gashaka kuwa sau biyu na je, duka da rani. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: ka cire Chappal Waddi daga lissafin wannan tafiyar. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru, kuma ba hawan da za ka yi da safe ka dawo ka ci tuwon dare ba ne. Masu hawansa ta ɓangaren Mambila suke zagayawa, ta wajen Nguroje, su hau babur zuwa inda babur ya gaza, sannan su taka da ƙafa da 'yan dako, su kwana a daji. Mu a zuwanmu na farko da wannan burin muka tashi. Ma'aikacin gandun da muka gaya wa ya dubi takalmanmu, ya dubi tumbin abokina, bai ce uffan ba, sai ya tambaye mu yaushe za mu koma Legas. Da muka faɗa masa ya yi dariya.

Yi lissafin da kanka. Zuwa kwana biyu ne cur in komai ya tafi daidai, mu dai sai a rana ta uku da hantsi muka shiga Serti, garin da ofishin gandun yake. Dawowa haka. To me ya rage a cikin bakwai? Kwana biyu zuwa uku. In za ku iya roƙon ƙarin kwana uku a wurin aiki, ku mai da shi goma, shi ne za ku ji daɗin kuɗin man da kuka ƙona. In ba zai yiwu ba, gara ku hau jirgi zuwa Yola ko Jalingo ku ɗauki shatar mota daga can.

Hanyar da muka bi: mun bar Agege ana kiran assalatu, don in ka bari gari ya waye a Berger to ka ba gosulo awa biyu kyauta. Ibadan, Akure, Owo, Okene. A Lokoja muka kwana, ko da yake ɗan ratse ne, saboda muna da masauki a can. Washegari muka bi Ajaokuta muka haye Neja ta gadar Itobe, sai Anyigba, Ankpa, Otukpo, Gboko, Katsina-Ala, Zaki Biam, muka kwana Wukari. Daga nan Mutum Biyu, Garba Chede, Bali, sai Serti. Akwai wata hanyar ta Takum da taswirar waya za ta nuna maka ta fi kusa. Kada ka bari waya ta yanke maka wannan hukuncin. Ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka fito ranar, su suka san inda gada ta karye, inda aka tare hanya jiya, da inda ake zaman ɗar-ɗar. A yankin Binuwai da kudancin Taraba labarin makon jiya tsohon labari ne. Kuma da la'asar sakaliya ta yi ku nemi gari ku tsaya. Ban yarda da tafiyar dare a wannan hanyar ba ko da wa nake tare.

Shingayen jami'an tsaro kam sai haƙuri. Motar da ke ɗauke da lambar Legas, cike da samari da jakunkuna, kowa sai ya so sanin inda za ta. Takardun mota su cika, kowa ya riƙe katin shaidarsa, ku sauke gilas ku yi gaisuwa. Da ka ce yawon buɗe ido za ku Gashaka wani zai dube ka kamar ka zautu, amma zai ɗaga muku hannu.

Wace mota za ku ɗauka? Ba ka faɗa ba. Ƙaramar mota za ta kai ku Serti in kuka bi ta a hankali, amma daga ƙofar gandun zuwa ƙauyen Gashaka sai mai tsayi mai ja da ƙafa huɗu, don akwai wuraren da a cikin ruwa za ku ratsa. In taku ba irin wannan ba ce, ku ajiye ta a Serti ku yi magana da ofishin gandun kan motar shiga ciki. Ku tafi da safaya biyu, jak mai kyau, fanbel, da jarkar mai. Ku cika tanki a Wukari, ku ƙara a Bali. Kuɗi kuma ku riƙe a hannu, domin da kun bar Serti sabis ɗin waya sai a hankali, balle a yi zancen tura kuɗi.

Yanzu gandun kansa. Shi ne mafi girma a gandayen dajin gwamnatin tarayya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ci Taraba ya shiga Adamawa. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti suka zama ɗaya. Ɓangaren Gumti na arewa, wanda ake shiga ta Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Duwatsun da kake nema suna kudu, ɓangaren Gashaka. Ofishinsu yana Serti, a nan za ku biya kuɗin shiga a haɗa ku da ma'aikacin da zai raka ku. Ba a shiga ba tare da shi ba, kuma ko an bar ku kada ku yarda. Ba zan faɗi kuɗin da muka biya ba, yadda farashi ke tafiya a ƙasar nan sai in sa ka yi kasafin banza.

Fita uku muka yi daga ƙauyen Gashaka, kuma a jere zan ba ka shawarar ku yi su yadda muka yi a zuwa na biyu, ba na farko ba.

Ranar farko ku hau tudun da ke kusa da ƙauyen, inda kufan ganuwar Jamusawa yake. Kafin yaƙin duniya na farko yankin nan a hannun Jamus yake, cikin Kamaru, daga baya ya koma hannun Ingila, sai a 1961 mutanen wurin suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Hawan ba shi da tsawo, amma shi zai gaya maka gaskiyar ƙafarka. Mu mutanen Legas muna ganin muna da tafiya saboda muna tsallake gadar sama a Oshodi muna bin danfo da gudu. Ba ɗaya ba ne. Ni da nake yini a tsaye cikin kasuwa, kafin mu kai rabi numfashina ya koma kamar na ragon layya da aka jawo daga kasuwar dabbobi ta Kara. Mai rakiyarmu kuwa, da bindigarsa a kafaɗa, ko gumi bai yi ba.

Rana ta biyu ku je bakin kogin Kam, wurin da dorinar ruwa ke zama. Ruwan garai-garai, kana hango duwatsun ƙasansa. Kada kyansa ya ruɗe ku ku faɗa wanka inda ba a nuna muku ba, akwai kada, kuma dorina ba ta da wasa. A hanyar nan muka ga gwaggon biri garke guda, da mugun dawa ya tsallake gabanmu da wutsiya a miƙe, da sawun ɓauna a cikin laka. A nan kuma ƙudan tsando ya yi mana rabon da ba mu nema ba. Yana son baƙin tufa da shuɗi, cizonsa kuma yana ratsa riga mara kauri. Ku sa kaya masu ruwan ƙasa, dogon hannu da dogon wando.

Ta uku ita ce tafiyar da har yau nake ba da labarinta, hanyar Kwano. A can ne masu bincike suka yi shekaru suna bin birin nan mai kama da mutum, wanda Turawa ke kira cimfanzi. Irin na wannan yankin a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa. Muna tafe cikin ciyawa da rana, sai hanya ta gangara, muka shiga kurmi, kamar an rufe ƙofa. Duhu-duhu, sanyi, ƙasa a jiƙe a tsakiyar rani, itatuwa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Can sama wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a gefe da doguwar farar wutsiya suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Shi cimfanzin ba mu gan shi ba, kuma kada ka sa rai, yana gudun mutane. Amma mai rakiyarmu ya nuna mana sheƙar da yake lanƙwasa rassa ya yi a saman bishiya don kwana, ya kuma tsinto wasu 'yan sanduna a bakin wani rami ya ce da su yake zaƙulo zuma da tururuwa. Na riƙe sandar nan ina jujjuya ta, an fere bakinta an tauna. Abokina da bai cika magana ba sai cewa ya yi, Subhanallah, ya maimaita har sau uku. Zuwa da dawowa yini guda ne cikakke, don haka da an sallame asuba ku kama hanya.

Kuskurenmu na farko shi ne mun fara da wannan doguwar tafiyar tun ranar da muka iso, da gajiyar mota a jiki, da robar ruwa ɗai-ɗai a hannu, ni kuma da sabon takalmi da na saya a Legas ban taɓa sa shi ba. Kafin azahar ƙafata ta yi bororo, ruwa ya ƙare, da silifas ɗin aro na ƙarasa. Washegari ko masallaci da ƙyar na taka. To ka sa takalminka tun yanzu ka riƙa yawo da shi, kowa ya ɗauki ruwa lita uku, a jaka a sa dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari. Gidan sauro, maganin zazzaɓi da tocila kada a manta. Abincin da za ku dafa ku saya a Serti. Ruwan alwala ba matsala, rafi ko'ina, kuma ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru.

Hausa za ta yi muku aiki a Serti da Bali, amma a cikin ƙauyuka da rugage Fulatanci ne a gaba. Ko sunayen wurare za su nuna maka, duk inda ka ji Mayo to kogi ne. Akwai Fulani da manoma da ke zaune a wasu keɓaɓɓun wurare cikin gandun tun kafin a kafa shi. In kun ratsa ta wurinsu ku tsaya ku gaisa, kada ku ɗaga waya ku hau ɗaukar mata da yara hoto ba izini. Mu wani dattijo ya sa aka kawo mana kindirmo a ƙwarya, muka yi muka yi ya karɓi kuɗi ya ƙi, sai sukari da ganyen shayin da ke jakarmu muka bar masa.

In kun samu kwana goman nan, to ku ba Mambila biyu. Daga Serti za ku wuce Mayo Selbe, daga nan titi ya fara nannaɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango gefe guda rami, har ku ɓulla sama, tsayin kusan mita 1,600. Can wata duniya ce: tuddai shimfiɗe da ciyawa, shanu, layukan itacen turare, gonar shayi a Kakara, sai Nguroje da Gembu. Yawon ƙafa a nan ya fi sauƙi, duk tudun da ya yi maka ka hau. Abu biyu kawai. A Disamba hazon hunturu yakan rufe nesa, hoton da kake gani a intanet kore shar na damina ne ko ƙarshenta, lokacin da hanyar cikin gandun ba ta biyuwa. Sai sanyi. Jikin da ya saba da zufar Legas zai sha mamaki, ni da rigar sanyi biyu da bargo na kwana a Gembu ina karkarwa, alwalar asuba kuwa sai da aka ɗora mana ruwa a wuta.

Wajen saukowa ne muka kusa ganin ta kanmu. Wanda ke tuƙi ya saba da titin Ikorodu, ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama bai ɗaga ba. Muna tsakiyar gangara sai ƙauri ya cika motar, ya taka birki ya ji ya tafi ƙasa kamar soso. Allah ya sa akwai ɗan fili a wata kwana, ya ja birkin hannu a hankali muka tsaya, muka sa duwatsu a tayoyi, muka zauna fiye da awa guda har ƙarfen ya huce. Wani direban tsohuwar Land Rover da ya tsaya duba mu ya ce, ai dutsen nan da giya ake saukarsa. Ku sa mota a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe ta, birki taɓawa kawai. Kafin ku bar Legas bakanike ya canza muku man birki ya duba lagireto.

Ka gaya mini irin motar da kuma ranar da hutunku zai fara. Akwai direbobinmu da ke lodin doya a Zaki Biam duk mako, in lokacin ya matso zan tambaye su halin da hanyar Wukari take ciki in sanar da kai. In ka shigo Mile 12 kuma ka neme ni a layin 'yan doya, kafin azahar ina nan.