Abin da babba bai gane ba a zanen zamani, yaro zai gane kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ɗiyana biyu, mace mai shekara bakwai da namiji mai shekara biyar. Kwanan baya na raka wata ƙawata kallon baje kolin zane-zane, na ga abubuwa rataye a bango waɗanda ban san gabansu ba balle bayansu. Sai ga malamar lakwal ɗin ƴata tana cewa a riƙa kai yara irin wuraren nan. Abin da babba bai gane ba, yaro zai gane? Kuma ina zan kai su, tunda namijin duk abin da ya gani sai ya taɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Kafin a je ko'ina, ki leƙa ƙofar gidanki da la'asar. Za ki tarar da yaran unguwa sun haɗa mota da waya da gwangwanin madara, sun yi mata ƙafafu da tsohon silifas, wani kuma ya murza laka ya fitar da sa har da tozo. Da yawa daga cikin manyan masu fasahar zamani na Afirka wannan aikin suke yi, sai dai nasu ya girma kuma yana ɗauke da magana. Romuald Hazoumè na ƙasar Benin yana yanka bidon mai, irin wanda ake fasa-ƙwaurin fetur da shi daga Najeriya, ya mai da shi fuska: bakin bidon ya zama baki, mariƙinsa ya zama hanci. El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya kafin ya yi ritaya, yana tara dubban marafan kwalabe ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar katafaren zane mai rufe bango. Abdoulaye Konaté na Mali kuwa da ƙyallayen shadda yake aiki. Ke idan kika tsaya gaban irin waɗannan, kina neman wanda zai gaya miki ma'ana, kina jin kunyar kada a ce ba ki waye ba. Ɗanki ba ruwansa da wannan kunya. Zai ce, "Inna, ga bidonmu na ruwa ya yi baki!" To wallahi ya riga ya kama bakin zaren, don abin da mai aikin ya so a fara gani ke nan.

Batun inda za ki kai su, ki fara da Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Amma in faɗa miki gaskiya, yawancin abin da ke ciki tarihi ne da al'ada: tufafin ƙabilu, kayan kiɗa, ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai gidan namun daji. Zanen zamani ya fi fitowa a baje kolin ƴan kwanaki da ake yi a cibiyoyin al'adu da ɗakunan aikin masu zane, don haka sai kin sa kunne. Abin da ya sa duk da haka nake cewa a fara da can shi ne rumfunan masu sana'a. Akwai maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, suna aiki a gaban idon mutane. Yaron da ya ga yadda ake buga azurfa har ta zama kuros ɗin Agadas, ko yadda baduku ke rina fata ya yi mata ado, ya san cewa abin da ke rataye a bango hannun mutum ne ya yi shi. Ki sa su gaida mai sana'ar, ki nemi izini, sau da yawa zai miƙa musu guntun fata ko zare su shafa. In da hali ki sayi ɗan wani abu, ai lokacinsa kuka ci.

Akwai wuri ɗaya a gidan da nake son tsayawa da yara, wato inda aka ajiye gangar itacen Tenere, bishiyar nan mai ƙaya da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973. A gurbinta can cikin Tenere an kafa itacen ƙarfe. Ki ba su labarin, sannan ki tambaye su: da ku aka ce ku yi wani itace a madadinsa, da me za ku yi shi? Na taɓa jin wata yarinya ta ce da butoci, don matafiya su sami ruwa. Har yau amsar ba ta fita raina ba.

Sai maganar taɓawa, wadda ita ce ta fi damunki. Aikin da aka rataye ba a taɓa shi, sai in mai shi ne ya ce a taɓa. Gumi da maiƙon hannu suna shiga takarda da yadi da fenti, kuma tabon yana da wuyar fita. Amma yaro mai shekara biyar da hannunsa yake karatu, in kika ce masa "kul" sau goma, abin da zai tuna da wurin ke nan. Dabarar da nake yi ita ce ƴar jaka. Ki zuba mata guntun shadda, marfin kwalba, ƴar waya, ɓallin ƙwarya, guntun fata. In kun tsaya gaban aiki sai ki ce ya laluba jakar ya fito da abin da ya yi kama da wanda yake gani. Hannunsa ya samu aiki, idonsa kuma ya tsaya a kan bangon. Ita babbar ki ba ta allo da alli, ta zaɓi abu ɗaya ta zana.

Kada ki ce sai an ga komai. Aiki uku sun isa rana ɗaya, kuma da zarar ƙaramin ya fara jan zaninki, an gama. Ku tafi da safe kafin rana ta take, da ruwan sha. Namun daji kuwa ki bar su ƙarshe, don duk yaron da ya fara ganin zaki da dorina ba zai ƙara kallon bango ba.

Tambayoyinki su zama waɗanda ba su da amsar kuskure. Me ka gani? Wane launi ya fi yawa? Da me aka yi shi? In da abin nan yana da murya, ƙara zai yi ko raɗa? In sun juyo miki da tambaya kuma ba ki da amsa, ki ce ku duba tare. Idan mai zanen yana wurin, ki bar su su tambaye shi da bakinsu, yawancinsu suna jin daɗin tambayar yara.

Na san wasu iyaye suna da damuwa a kan hoton mai rai da mutum-mutumi. Hukuncin wannan na malaman addini ne, ki tambayi wanda kika amince da shi. Abin da zan ce a fannina shi ne babban kaso na fasahar zamani launi ne da saƙa da rubutu da siffofi, dangin adon bangon da ke gidajen Birni a Damagaram. Kina iya zaɓar abin da hankalinki ya kwanta da shi.

In kun koma gida kada ki bari abin ya huce. A ranar ko washegari ki shimfiɗa tabarma, ki kawo kwali, ƙyallayen da tela ya zubar, marafan kwalabe, da ɗan kokon rogo ko ƙaro a matsayin gam. Almakashi da waya su zauna a hannunki. Kada ki gyara musu, kada kuma ki ce "wannan wane irin shirme ne", ko da wasa. Ki ce kowa ya ba ki labarin abin da ya yi, ki rubuta maganarsa a bayan kwalin tare da kwanan wata, sannan ki rataye shi daidai tsayin idonsu. In kuka sake komawa bayan wata ɗaya ko biyu, ki bar su su shige gaba su nuna miki wanda suke so a fara tsayawa a gabansa.