Amsa: ɗana ya cika shekara 21 kafin bizarsa ta Amurka ta fito

Malam, ka ce kana da girin kad (katin izinin zaman dindindin a Amurka), ka cike wa ɗanka fom I-130 na neman kawo dangi Amurka yana da shekara 19, yanzu ya haura 21. Kada ka karaya tukuna, akwai dokar CSPA ta 2002, wadda ke kare wasu 'ya'ya daga fita daga rukunin yara saboda sun cika 21 suna jira.

Ga lissafin: ɗauki shekarunsa a ranar da layinsa ya zo a jadawalin Visa Bulletin (wanda gwamnatin Amurka ke fitarwa duk wata don nuna waɗanda layin biza ya zo kansu), ka debe tsawon lokacin da fom ɗin ya yi a hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, kafin a amince da shi. Misali, idan yana da shekara 22 da wata 2, fom ɗin kuma ya yi wata 18, ya zama shekara 20 da wata 8, har yanzu yana rukunin F2A, na mata ko miji da 'ya'yan masu girin kad 'yan ƙasa da shekara 21. Sai dai dole ya nemi bizar cikin shekara ɗaya daga ranar da layinsa ya zo, ta hanyar cike DS-260, fom ɗin neman bizar zama. Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci.

In lissafin ya wuce 21, fayil ɗin zai koma F2B (rukunin 'ya'yan masu girin kad da suka kai 21 ba su yi aure ba) da kansa, ranar layinsa ta farko na nan daram, jiran ne kawai zai ƙara shekaru.

Don Allah ka ja masa kunne kan aure. Muddin girin kad ke hannunka, ranar da aka ɗaura, takardar I-130 ɗin ta mutu, babu gyara. In ka zama ɗan ƙasa kafin nan, auren zai mayar da shi F3 ne, rukunin 'ya'yan 'yan ƙasa masu aure, layi mai tsawon gaske. Ku nuna wa lauyan shige da fice takardun kafin a sa rana.