Wasan kwamfutar da muke sayarwa ya ƙi rufuwa, in biya a sake rubuta shi?

Tambaya: Ina da shagon kwamfuta. Ƙanena ya rubuta wasan lissafi na yara da yaren kwamfuta na Python da Pygame (kayan aikin rubuta wasanni a Python), muna sayar wa makarantu masu zaman kansu. Wata makaranta ta riƙe mana cikon kuɗi, wai idan an danna alamar X sai wasan ya daskare, ya ƙi rufuwa. Wani ya ce in biya shi ya sake rubutawa daga farko. In biya?

Amsa: Malam, kada ka biya. Makarantar tana da gaskiya, amma gyaran bai wuce layi goma ba, kuma ƙanen naka zai iya.

A Pygame, danna X ba ya rufe komai da kansa. Saƙo kawai yake turawa mai suna pygame.QUIT, ya shiga layi tare da saƙonnin maɓallai da na linzami. Wasan yana maimaita umarninsa ne zagaye bayan zagaye, kuma dole ya riƙa kwashe saƙonnin nan a kowane zagaye. In ya ɗauki kimanin daƙiƙa 5 bai waiwaye su ba, Windows za ta ɗauka ya sume, ta dusashe tagar. Ga tsarin da ya kamata ya bi:

```
agogo = pygame.time.Clock()
ana_wasa = True
while ana_wasa:
    for sako in pygame.event.get():
        if sako.type == pygame.QUIT:
            ana_wasa = False
    pygame.display.flip()
    agogo.tick(60)
pygame.quit()
sys.exit()
```

A lura da inda pygame.quit() ya zauna: a waje, bayan zagayen ya ƙare. Nan masu koyo suka fi faɗuwa. Sukan sa shi a ciki, wasan ya kashe allonsa, sannan ya zagayo zai yi zane a allon da babu shi, sai kuskure ya fito cewa "video system not initialized" ko "display Surface quit". Wasu kuma su sa break suna zaton sun fita, alhali ƙaramin zagayen for kaɗai suka bari, babban na while yana nan yana juyawa.

Wasan lissafi yana da nasa tarkon. Idan yaro ya ba da amsa, akan so sakamakon ya tsaya a allo na ɗan lokaci, sai a rubuta time.sleep(5). Duk tsawon wannan barcin wasan kurma ne, ba ya jin X. Maimakon haka, a ɗauki lokaci da pygame.time.get_ticks(), a riƙa kwatantawa a kowane zagaye. Haka ma allon farko da allon "ka ci" ko "ka faɗi": duk wanda ke da zagayensa na daban, sai ya saurari QUIT shi ma.

Sauran yana wajen haɗa kayan da za a kai wa mai saye. In da PyInstaller kuke mayar da wasan fayil na exe, kada a yi amfani da exit() ko quit() zalla, domin suna aiki a kwamfutar ƙanenka amma a fayil ɗin da aka haɗa sukan jawo kuskuren NameError. A rubuta import sys a sama, a kira sys.exit(). Idan wasan yana cika allo babu X, a sa maɓallin Esc ya mayar da ana_wasa zuwa False. Makin ɗalibai kuwa a adana shi kafin pygame.quit(), don malamin da ya rasa makin aji guda ba zai sake sayen kayanku ba. Layin agogo.tick(60), wanda ke hana wasan wuce zagaye 60 a daƙiƙa, shi ma kuɗi ne: in babu shi injin zai yi ta gudu ba iyaka, kwamfuta ta ɗau zafi, batir ya zube da wuri a makarantar da ke kan sola ko janareta.

Ta fuskar ciniki, a gwada fayil ɗin a kwamfutar da ba a sa mata Python ba. A rufe shi da X, da Esc, da Alt+F4, a kowane allo, sannan a buɗe Task Manager a tabbatar bai maƙale a ɓoye ba. Ka kai wa makarantar gyaran kyauta, a gwada a gaban shugabanta, ka karɓi cikonka. Sauran makarantun da suka saya ma a kai musu kafin su kira. Nan gaba ka rubuta a takardar yarjejeniya kwanakin gwaji, da ranar biyan ciko, da tsawon lokacin da gyara zai kasance kyauta.